Ganyen Gonar Baffa

Tun da na dawo daga Faransa ban sha shayi kofi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a kan benci sai wannan ya ce, "Dakta, da gaske ne suna cin kwaɗi?" Wancan ya ce, "Wai ka taka ƙanƙara da ƙafarka?" Na gaji da maimaita labari ɗaya, kuma kafin ya kai bakin kasuwa an zuba masa gishiri har ni mai labarin ba na gane shi. Shekaranjiya na ji wai Turawa sun ba ni gida da mota. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Sunana Nasiru. A wani ƙauye na taso tsakanin Kura da Bunkure, gidanmu bai fi jifa biyu da bakin kanal ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙaninsa Baffa Idi shi ya riƙe ni, shi da matarsa Inna Hajara. Baffa manomin shinkafa ne, amma ba da yawan buhu ya yi suna ba, da kyan iri ya yi. Daga Madobi da Dawakin Kudu ake zuwa sayen iri a wurinsa. Idan aka ce iri na Idi ne, ba a ma tsayawa a murza a tafin hannu.

Ni kuwa karatu ya kai ni ga wata cuta da ke sa ganyen shinkafa ya yi ɗorawa-ɗorawa, shukar ta tsumbure, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairos. Ba ta da hannu ba ta da ƙafa, amma da ta shiga ganye sai ta haɗa wani ɗan injinta, ta yi ta buga 'ya'yanta kamar mai hoton takarda. Ni abin da ya hana ni sakat shi ne in ga surar wannan injin. Wanda ya san yadda inji yake, ya san inda zai cusa masa kara ya tsaya.

Da na gama digiri na uku na zaci na iso. Ashe akwai wani mataki da ake ce wa fosdok, wanda in ka tambaye ni zan ce maka cin rani ne na masu digiri. Ka tafi ɗakin binciken wani babba ka yi shekara biyu ko uku, in wa'adi ya cika ka naɗe tabarmarka ka nemi gaba. Wata farfesa a Faransa, mai suna Odil, ta amsa wasiƙata. Ta ce in zo gwajin wata uku da ganye mai cutar daga gida, domin irin tamu ba ta cikin waɗanda suke da su. In aiki ya yi kyau za ta ba ni shekara biyu. In bai yi ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ganyen a kusurwar gonar Baffa na tsinka, inda cutar ta fi ƙamari. Na yayyanka, na zuba a ambulan goma sha biyu tare da 'yan duwatsun nan masu shanye danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi. A bayan kowace na rubuta "Gonar Idi". Baffa yana tsaye yana kallo.

"Wannan rubutun fa?" in ji shi.

"Sunanka ne, Baffa, don a san inda aka samo."

"Su Turawan za su karanta?"

"Har a littafi ma za su sa."

Ya ce, "To, madalla." Ni kuma da wautata na ɗauka murna ce. Na bar ambulan ɗin a ɗakinsa su ƙarasa bushewa, na tafi Abuja kwana huɗu karɓar biza. Da na dawo na tarar ya liƙe min su tsaf, ya jera a kwali. Na yi godiya, ban buɗe ko ɗaya ba.

Ranar tafiya Inna ta haɗa min guzuri kamar wanda zai yi yaƙi: kuka, daddawa, yaji, da dambun nama cikin babban gwangwani. Daga Kura na hau mota zuwa Kano, daga nan Abuja. A motar Abuja na rungume kwalin ganye a cinya, har wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaya ko magani nake sayarwa. Na ce masa cuta ce a ciki. Sai ya matsa jikin taga har muka isa.

Jirgi bai ba ni tsoro ba sai da ya fara sauka, kunnuwana suka toshe, na yi ta salati. A filin jirgin Faransa wani jami'i ya tare ni da kare a hannunsa. Gabana ya faɗi saboda ganyen, na fito da takardun izini. Ya karanta, ya dube ni ya ce, "Wato da gangan ka ɗauko ganye mara lafiya tun daga ƙasarku?" Na ce haka ne. Ya buga hatimi. Shi kuwa karen ko kallon kwalin bai yi ba, kai tsaye ya nufi gwangwanin Inna. Ashe ba a shiga ƙasar da nama. Na yi magiya, na ce ya ɗanɗana ma ya ji, ya ce doka ce. Ina ji ina gani aka tafi da dambun, ni da karen muka bi shi da kallo. Wato cuta ta sami biza, dambun Inna bai samu ba.

Daga nan jirgin ƙasa na hau zuwa garin da zan zauna, wani gari a gindin duwatsu. Awa uku muna tafe, tarago cike da mutane, amma ko tari babu mai yi. Na yi wa na kusa da ni sallama da 'yar Faransancin da na haddace, ya amsa da kalma ɗaya ya mayar da ido kan littafinsa. A motar Kura da yanzu na san sunan kakansa da abin da ya shuka bana.

Masaukina ɗaki ne a saman gidan wata tsohuwa, Madam Jozet. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa, daga ita sai kyanwa. Kyanwar nan tana da likitanta, tana da ranar awo. Da safe nakan gaishe da tsohuwar yadda aka koya min: ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya yara, an ji daga gare su? Kwana uku tana min kallon mai shirin roƙon wani abu. Da ta gane ba abin da nake nema, sai ta riƙa jirana a gindin bene, ranar da na yi sauri kuma ta ce, "Yau ba ka tambayi yara ba." Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi.

Ita ta fara ba ni cukunsu, wani mai tsanwa-tsanwa a ciki. Da ta buɗe na zaci wani abu ne ya mutu a bayan firji. Na rama ranar da na tuƙa tuwon semo na kaɗa miyar kuka da daddawar Inna. Ta fito tana toshe hanci tana neman inda bututu ya fashe. Muka zauna, ta ci tuwo da cokali mai yatsu, na ci cuku ina runtse ido, muka yarda cewa kowa da irin warin da ya tashi da shi.

A wurin aiki abin da ya fara ɗaure min kai shi ne Farfesa Odil kanta. Mace ce mai furfura, a kan keke take zuwa, kuma kowa sunanta yake kira gatsal, har ɗalibai. Ni bakina ya ƙi. Ta hana ni ce mata Farfesa har ta gaji ta ƙyale ni. Teburina yana kusa da na wani Ba'indiye, Arun, wanda wannan ne fosdok ɗinsa na uku a ƙasa ta uku. 'Yarsa, in ji shi, tana jin harshe huɗu amma ba ta da ƙawa ko ɗaya da ta wuce shekara biyu. Ya ce min, "A wannan sana'ar kada ka sayi kujerar da ba za ka iya ɗauka ba."

Shi ya kai ni ƙarƙashin ƙasa ya nuna min na'urar da na baro gida dominta. Wani irin madubi ne da ya fi tsayin mutum biyu, a ɗakinsa shi kaɗai. Ana daskarar da ƙwayar cutar cikin ƙiftawar ido, a ɗauki hotonta dubbai ta kowace fuska, kwamfuta ta harhaɗa har surarta ta fito. Ba a hawa na'urar sai da layi. Na ce wa Arun ai wannan rabon ruwa ne irin namu na kanal, ranar da aka buɗe maka in ba ka shirya ba sai ka jira zagayowa. Ranata ta faɗo a mako na goma sha ɗaya.

Kafin ranar sai na raya cutar ta yi yawa. Na buɗe ambulan, na daka busasshen ganyen, na goga ruwansa a jikin 'yan shukokin shinkafa da ake renon su a ɗakin gilashi. A ƙa'ida cikin mako biyu za su fara yin ɗorawa. Mako biyu ya cika, shinkafa kore shar, har wani sheƙi take. Na sake. Na gwada ganyen da kansa a na'urar gwaji, babu ko alamar bairos. Na buɗe ambulan goma sha biyun duka, labari ɗaya.

Mako biyar ya tafi a haka. A taron da muke yi duk Litinin, Farfesa ta ce cikin taushin murya, "Nasiru, ko za ka bari Arun ya tsaya a kanka, ya ga yadda kake yi?" Kowa ya sunkuyar da kai. Na gane abin da ake nufi: ana zaton ban iya aikin ba. Shekara huɗu na yi ina wannan aikin a Kano, wani lokacin da wutar janareto, yau ga ni ana neman a sa min mai gadi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na fara zargin kaina.

Ranar Juma'a bayan na fito daga masallaci na kira gida don in ji sanyi a raina. Bayan gaisuwa Baffa ya ce, "Yaya Turawan, sun yaba da ganyen?"

"Wane yabo, Baffa? Ai ganyen ne ya ƙi. Babu cutar a ciki ko kaɗan."

"Alhamdu lillahi!" in ji shi. "Ai da ma na san ba za a samu ba."

Na tsaya cak a bakin titi. "Baffa, kamar yaya ka san?"

"To ai ni na canja. Haba Nasiru, kai ko tunani ba ka yi? Ka ɗauki ganye duk ya ƙanjame, ka rubuta sunana, ka kai wa mutanen da ba su taɓa ganina ba? Ana yi wa matafiyi guzuri da ruɓaɓɓe? Daga tsakiyar gona na tsinko maka, inda ta fi kyau. Na yayyanka daidai yadda ka yi."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, abin da ban taɓa yi masa ba tun da nake. Na ce cutar ake nema, ba kyan gona ba. Na ce saboda wannan za a koro ni, shekara biyun ta tafi. 

Can ya ce, "Wato na ɓata maka."

Na ce, "A tsinko min wani daga kusurwar nan, ko za a dace."

"Kusurwar na tuge ta na ƙone tun kana Abuja." Sannan ya ce, "Ka ba ni kwana biyu."

Asabar da Lahadi na yi su ina saƙawa ina kwancewa. In na yi shiru, ni ne ban iya aiki ba. In na faɗa, na tona wa mutumin da ya rene ni asiri a gaban baƙi, su yi masa dariyar ƙauyanci. Ranar Litinin na shiga ofishin Farfesa na faɗa mata komai, ina kallon ƙasa.

Ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta ce kakanta manomin inabi ne, kuma tana ƙarama ta ga ya jera tukwanen fure a gaban kuringar inabin da ta kamu da cuta don kada maƙwabta su gani. "Manomi ɗaya ne a duk duniya," in ji ta. Sannan ta mayar da tabaran ta ce, "Amma na'ura ba ta san kakana ba, ba ta san baffanka ba. Ranarka tana nan inda take. In ganye ya iso, to. In bai iso ba, ba ni da abin da zan nuna wa masu ba da gurbin."

Kwana biyun da Baffa ya ce, kwana biyun ne. Wani abokin karatuna da ke koyarwa a Kano ya je ya karɓo ganye, ya busar, ya aiko ta kamfanin aika saƙo da sauran takardun izinina. Na tambaye shi inda Baffa ya samo, ya ce shi dai an ba shi a buhu, haɗe da ambulan ɗin da zai zuba. Ran da kwalin ya iso na ga a bayan kowace ambulan an rubuta "Idi" da ajami, da manyan baƙaƙe, rubutun Baffa.

Na daka, na goga, na shiga jira. A rana ta tara na ga ɗigon ɗorawa a ganye ɗaya. Wallahi ban taɓa murnar ganin shinkafa ta kamu da ciwo ba sai ran nan. Na yi ta tsalle a ɗakin gilashi, Arun yana tafa min. Da Baffa ya gan ni da ya ce karatu ya taɓa ni.

Ranar layina muka sauka ƙarƙashin ƙasa tun da safe. Wajen la'asar hoto ya fara fitowa a allo: wasu 'yan ƙwallaye, dubbai, kowace da tsari a jikinta kamar an yi mata aikin hula. Shekara da shekaru ina bin abin nan, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na zaci zan ga mummunan abu, sai na ga kyakkyawa, har na ji haushin kyansa. Injin da yake haɗawa a cikin ganye kuwa ba a kai gare shi ba tukuna, wannan shi ne aikin shekara biyun. Kwana uku kafin in taso Farfesa ta kira ni ta ce in je gida in huta, in dawo da kayan sanyi masu kauri. Na samu.

Na iso gida da hoton a cikin firam. Baffa ya karɓa, ya nisanta shi da ido, ya juya shi sama da ƙasa.

"Wannan ne ɓarawon?"

"Shi ne, Baffa."

"Ka ga ɗan banza da ado. To maganin fa?"

Na ce da saura. Ya ce, "To, an dai ga fuskarsa," ya rataye shi a zaure.

A zauren ne na lura da buhuna jere har kusa da rufi. Irin shinkafa ne. A irin wannan lokacin, ana shirin noman rani, da tuni an kwashe su. Na tambayi Baffa, ya ce kasuwa ce sai a hankali, ya fita. Inna ce ta faɗa min da na shiga cikin gida.

"Ai ba zai faɗa maka ba. Ran da kuka yi waya, gona-gona ya bi yana roƙon a bar shi ya duba. Kowa ya ce tasa lafiya lau, wa zai yarda a ce gonarsa da ciwo? Washegari bayan sallar azahar ya miƙe a ƙofar masallaci, ya ce jama'a ku shaida, ciwon nan a gonata ya fara, ni na ɓoye na ƙone. Duk wanda ya taɓa tasa ya bar ni in tsinka, sunana za a rubuta ba nasa ba. Mutum biyar suka kai shi gonakinsu." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Tun daga ranar ko mudu ɗaya ba a zo nema ba. Cewa ake irin Idi da ciwo."

 Shekara talatin yana gina sunan nan, ya ajiye shi a ƙofar masallaci saboda ni, ni kuwa ina can ina tsalle a ɗakin gilashi. Kunya ta kama ni, har da ta ɗaga muryar da na yi masa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san cutar nan ba ta bin iri. Ƙwari ne ke yaɗa ta, da gugar ganye da ganye, da hannun mai dashe. Washegari ni ma na miƙe a ƙofar masallacin na faɗi haka, har da misalai. Aka saurare ni da ladabi. Sai Malam Tanko, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, ya ce, "Dakta, ba mu ƙi taka ba. Amma mu ba mu da madubin Turawa. Namu madubin ƙasa ce."

Ban ga laifinsa ba. Na ɗebi iri daga buhun da ke can ƙasa, a gaban kowa, na gyara komin yafa iri ɗaya a bakin hanyar kanal inda duk mai zuwa gona sai ya wuce, na yafa. Na kafa allo na rubuta "Irin Idi", da boko da ajami.

Yau kwana goma sha shida ke nan. Ya tsiro kore shar. Na san ƙwaro ɗaya zai iya tasowa daga wata gonar ya ɓata komai a ce iri ne, shi ya sa nake fargabar komin nan fiye da yadda na yi fargabar na'urar Faransa. Jirgina saura mako biyu. Kullum da sassafe nakan je in tsuguna in bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum sai in tarar da sawun takalmin Baffa ya riga ni, ko da yake in na tambaye shi cewa yake shi bai bi ta nan ba.

Yau da safe ba sawu na tarar ba, Malam Tanko na tarar a tsugune. Ya daɗe yana shafa ganyen da bayan hannu. Da ya miƙe bai ce min komai a kan shukar ba, sai ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Baffan naka yana gida kuwa?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "To bari in biya ta gidana in ɗauko buhun da zan zuba iri."